Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Kan Inshorar Kayan Gida

'Ya'yana da jikokina, yau maganar dukiya za mu yi, amma ba ta nemanta ba. Nema kun iya shi, kun ma fi mu kuzari. Maganar tsare abin da aka riga aka samu ce, musamman kayan da ke cikin ɗakunanku, da yadda mutum zai zaɓi inshorar da za ta tsaya masa ranar da gobara ko ruwa ko ɓarawo ya ratsa gidansa.

Na san da an ce inshora, abin da ke faɗo wa yawancinku a rai shi ne takardar nan da ake ninkewa a cusa a aljihun mota, sai jami'an hanya sun tsayar da mutum a zaro ta. Da yawa ba su taɓa karanta ta ba, wasu ma ta bogi aka sayar musu ba su sani ba. Shi ya sa ake yi wa harkar kallon kuɗin da ke tafiya ba ya dawowa. Ban ga laifinku ba. Sai dai ina so ku dubi yadda gidajenmu suka sauya, sannan ku yanke hukunci.

A zamanin da muka taso, kayan ɗakin mace ba su wuce gadon ƙarfe mai rumfa, jeren tasoshi da kwalla, akwatin tufafi da tabarmi ba. Idan wuta ta tashi, kafin mako ya zagayo dangi da maƙwabta sun rufa asiri. Wannan ta kawo zane, waccan ta kawo tukunya, maza su yi gayya su ɗora rufi. Yau kuwa ɗakin amarya ɗaya ya ƙunshi kujeru, gado da katifa, firji, talabijin, tukunyar gas, akwatunan lefe, wani gidan har da sola da batura. Iyaye sun shekara da shekaru suna tanadi kafin su haɗa su. Masu zuwa jaje za su zo, za su yi iyakar ƙoƙarinsu, amma gudunmawar unguwa ba ta mayar da irin wannan kaya.

Akwai kuma masifar da ba ta barin wanda zai taimaki wani. A daren 9 ga Satumba na 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, Gwange da Fori da Kasuwar Monday duk suka nutse. A ƙarshen watan Mayu na 2025 Mokwa ma ta ga nata tashin hankalin na ambaliya. Mutanen Yamai ba su manta da yadda kogin Kwara ya cika ya shiga unguwanni a daminar 2020 ba. A irin wannan rana maƙwabcin da za ka jingina da shi yana can yana neman inda iyalinsa za su kwana. Amfanin inshora ke nan: tana haɗa kuɗin mutane masu yawa daga garuruwa daban-daban, don idan abu ya sami wasu, a ɗebo daga abin da kowa ya zuba a tallafe su.

Kafin mu yi nisa, na san tambayar da ke bakinku: ya halatta? Ku sani wanda ya sa kayansa a inshora bai hana ƙaddara ba, bai kuma yi da'awar hana ta ba. Riƙo da sababi ya yi, kamar yadda yake kulle ƙofa da dare. Abin da malamai suka yi magana a kansa shi ne siffar yarjejeniyar. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba tana ɗauke da rashin tabbas mai yawa wanda ke ɓata ciniki, ta kuma nuna cewa mafita ita ce inshorar taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta. Ita ake kira takaful. Malamai kan kafa hujja da Ash'ariyawa, mutanen da idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuwa yabe su a kan haka.

A Sudan aka kafa kamfanin takaful na farko a 1979. A Najeriya, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, a 2016 ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi, wasu kuma suka biyo baya. Tsarin shi ne: abin da ka biya yana shiga asusun mahalarta a matsayin kyauta. Kamfani wakili ne, yana ɗaukar ladan wakilcinsa, yana juya kuɗin a harkokin da babu riba a cikinsu, yana biyan wanda asara ta samu. Idan shekara ta ƙare da rara, ana iya raba wani kaso ga mahalarta. Idan asusun ya gaza, kamfani ya ranta masa bashi marar ruwa. Ƙofar a buɗe take ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Amma kada sunan ya sa ku saki jiki. Takaful ma yarjejeniya ce a rubuce, tana da sharuɗɗa, kuma duk abin da zan faɗa daga nan ya shafe ta kamar yadda ya shafi sauran.

Abin da nake so ku riƙe da kyau shi ne, kamfani ba ya biyan abin da kake zato, ba ya biyan abin da wakilinsa ya faɗa maka da baki yana murmushi. Abin da aka rubuta a takarda shi ake biya. Don haka zaɓen inshora ba a ofishin kamfani yake farawa ba, a cikin ɗakinka yake farawa.

'Yata, ki sami ranar da yara suka tafi makaranta, ki ɗauki littafi da biro, ki tsaya a bakin ƙofar falo ki fara daga hannun dama. Kujeru saiti nawa, kafet, labule, fanka, talabijin. Juya talabijin ɗin, a bayansa akwai 'yar farar takarda mai ɗauke da lambar da ta bambanta shi da kowane irinsa; ki ɗauki hotonta da waya. Haka firji, haka janareta, haka inbata. Shiga uwar ɗaka ki buɗe akwatunan lefe, ki ƙirga turamen atamfa, leshi, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna. Ki leƙa kicin, daga tukunyar gas har kuloli da na'urar markaɗe. Kada ki manta da littattafan maigida da kayan makarantar yara. A gaban kowane abu ki rubuta abin da za a saye shi yau a kasuwa, ba abin da baba ya biya lokacin biki ba. Idan kika haɗa jimla za ki riƙe baki, don mutum ba ya sanin yawan abin da ya mallaka sai ya zauna ya lissafa, ko kuma, Allah ya kiyaye, sai ya rasa.

Rasit kuwa, a adana shi. Irin wanda na'ura ke bugawa a kantuna rubutunsa yana dusashewa cikin 'yan watanni, saboda haka a ɗauki hotonsa tun yana sabo. Sannan kada littafin da hotunan su zauna a gidan kaɗai, don wutar da za ta ci kaya ba za ta bar littafi ba. A tura su imel, ko a aika wa ɗan'uwa amintacce da ke wani gari ta WhatsApp.

Bayan lissafi sai a tantance mai kaya. A al'adarmu kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata, lefe da sadaki ma nata ne. Ƙa'idar inshora kuwa ita ce, ana biyan wanda asarar ta shafa ne. Takardu da yawa na haɗa kayan mai takarda da na iyalin da ke zaune tare da shi, amma kada a yi zato, a tambaya, a ga inda aka rubuta. In so samu ne, sunan matar ya fito ɓaro-ɓaro. Gidan da akwai mata biyu ko uku, a yi wa kowane ɗaki lissafinsa daban. Ranar da kuɗi suka fito kowa ta san nata, ba sai jaje ya koma shari'a ba.

Ku kuma bambance gini da abin da ke cikinsa, don inshorarsu daban ce. Ɗan haya kan ji an ce maigida ya sa gidan a inshora, sai hankalinsa ya kwanta. Bango da rufi da ƙofofi maigida ya kare, katifarka da firjinka ba sa ciki. Shi ma wanda ke zaune a gidansa na kansa, idan gini kaɗai ya rubuta, gini kaɗai za a duba. Kamfanoni suna da takardar da ke haɗa biyun, suna da wadda ta tsaya a kan kaya kawai, wadda ita ce ta dace da mai haya.

To, daga wace masifa ake kare kayan? Tushen takardar gobara yawanci abu uku ne: wuta, tsawa, da fashewar gas na girki. Sauran ƙari ne, ko dai sun zo a haɗe cikin takardar gida, ko kuma sai an nema an ƙara kuɗi. Cikinsu akwai ambaliya, guguwa, fashewar bututu ko tankin ruwa, mota ta ƙwace ta kutso gida, da tarzoma. A nan kowa ya dubi inda yake zaune. Wanda gidansa ke kwari, ko kusa da kogi, ko a unguwar da magudanan ruwa suka toshe da leda, idan ya karɓi takardar da babu ambaliya a ciki ya bar babbar ƙofa a buɗe. Wanda ke unguwar da ɓarayi ke yawan haurawa, sata ce a gabansa. Kada ka ce abin da abokinka ya zaɓa shi za ka zaɓa, gidanku ba ɗaya ba ne.

Maganar sata tana buƙatar natsuwa. Yawancin takardu satar da aka yi da ƙarfi suke nufi, wato an fasa ƙofa, an ɓalle taga, an karya kwaɗo, ko an shigo da makami. Idan ranar suna gida ya cika da mata, ƙofofi a buɗe, aka nemi sarƙa aka rasa, da wuya a biya, tunda babu alamar fasawa. Haka idan ɗan gida ne ko mai aiki ya ɗauka. Kayan da ke fita da mutum kuwa, irin su waya, kwamfutar hannu, da gwal ɗin da ake sawa a je biki, takardar gida ba ta bin su waje sai an yi musu wani sashe na musamman mai kare su duk inda suke. Ku tambayi kuɗinsa, ku auna da darajar abin.

Gwal yana da nasa hukunci. Kamfanoni kan sa iyaka a kan abin da za su biya na kayan ado da duk wani abu guda mai tsada, sai dai in an ambace shi da sunansa. Mace mai sarƙa da awarwaro da 'yan kunne ta kai su wurin masu sayar da gwal a auna, a rubuta nauyin kowanne da giram, a haɗa da hoto da rasit, a sa su cikin takardar ɗaya bayan ɗaya. Tsabar kuɗi kuwa, wadda ake turawa ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla, ko dai ba a biyanta sam, ko a biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Takardar fili da shaidar karatu ma babu kuɗin da ke mayar da su. A yi musu kwafi a ajiye wani wuri.

Yanzu mu zo wurin da mutane suka fi yin kuka, wato jimlar kuɗin da aka rubuta. Mutum yakan rage darajar kayansa don kuɗin shekara ya yi sauƙi, yana ganin ya yi dabara. A ce kayan gidanka sun kai naira miliyan 10, sai ka rubuta miliyan 5. Wuta ta tashi a ɗaki ɗaya ta ci kayan miliyan 4. Kai a lissafinka, tunda 4 ba ta kai 5 ba, za a biya ka duka. Su kuwa za su ce rabin darajar kaya ka rubuta, rabin kuɗi ka biya, don haka rabin asara za su ɗauka. Miliyan 2 za ka karɓa, sauran a kanka. Wannan sharaɗi yana cikin mafi yawan takardu, ba zalunci ba ne aka ƙirƙiro ranar, rashin karatu ne ya ɓoye shi. Shi ma wanda ya kumbura lissafi ya rubuta miliyan 20 bai ci riba ba, don ba a biyan mutum fiye da abin da ya rasa. Kuɗin shekara kawai ya ƙara wa kansa.

Ko wanda ya rubuta gaskiya, idan ya bar takardar ta kwana biyu ba gyara, zai iya faɗawa wannan rami. Kun gani da idonku: kafin tsakiyar 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a cikin 2024 ta haura 1,500. Firji da talabijin da batura suka bi ta. Lissafin da ya dace kafin wannan tashin farashi yau bai kai rabin hanya ba. Saboda haka duk lokacin sabuntawa a sake zagaya ɗakuna, a gyara farashi, a ƙara abin da aka saya, a cire abin da aka kyautar.

Tambayoyi biyu kuma kada ku tashi daga gaban wakili ba ku yi su ba. Ta farko: idan kaya suka salwanta, kuɗin sabo za a ba ni, ko za a cire ragin tsufa? Kujerar da ta shekara shida, idan da ragin tsufa za a biya, abin da zai zo hannunka ba zai sayi sabuwa ba. Takardar da ke biyan kuɗin sabo ta fi tsada, amma ita ke mayar da ɗaki yadda yake, ko da yake tufafi galibi sai an cire musu tsufa. Ta biyu: nawa ne kason da ke kaina a kowace asara? Kusan kowace takarda tana da wani adadi na farko da mai kaya zai ɗauka da kansa, kamfani ya biya abin da ya haura. Idan kason ya yi yawa, kuɗin shekara kan sauko, amma ƙananan asarori duk sun zama naka. Zaɓi adadin da ka san za ka iya fitarwa ba tare da cin bashi ba.

Sai maganar gaskiya, wadda ita ce ginshiƙin yarjejeniyar. Za a ba ka fom mai tambayoyi: ginin siminti ne ko na ƙasa, rufin kwano ne ko na azara, an taɓa yin gobara ko sata, ana sana'a a gidan? Kamfani bai ga gidanka ba, da amsarka yake lissafi. Idan ka ɓoye abin da zai sauya lissafinsa, ranar biya yana da ikon ya ce yarjejeniyar ta ɓaci tun daga tushe. Matanmu da yawa suna sana'a a cikin gida, Allah ya yi musu albarka. Wata ɗakinta cike da atamfofin sayarwa, wata tana da kekunan ɗinki uku da 'yan koyo, wata firiza biyu na ƙanƙara da zoɓo, wata tana haɗa turaren wuta da humra. Hajar sayarwa ba kayan gida ba ce a wurin kamfani, sai an faɗa an yi mata nata tsari. Haka jarkokin fetur da ake jerewa a lungu saboda janareta. Ka cika fom da hannunka, ko ka sa a karanta maka kowane layi. Idan wakili ya ce, "Alhaji, bar wannan wurin, ba shi da muhimmanci," ka ce masa a rubuta duk da haka. Shi kamashonsa yake hange, kai kuwa sa hannunka ne a ƙasa.

Gaskiyar ba ta ƙare ranar sa hannu ba. Idan ka tashi daga gidan ka koma wani, ka sanar, don adireshin da ke takarda shi aka kare. Idan za a rufe gida a yi doguwar tafiya, aikin Hajji ne ko zaman jinya ko hutu a ƙauye, a duba kwana nawa takardar ta yarda gida ya zauna ba kowa. Wasu kwana 30 suke sawa, wasu fiye, in an wuce ba a sanar ba kariyar sata kan tsaya.

Akwai shafin da kowa ke tsallakewa, wanda aka jera abubuwan da ba a biya. Shi ya kamata a fara karantawa. Tsufa da lalacewar yau da kullum ba sa ciki. Gara ta ci kujera, ɓera ya huda leshi, tsatsa ta cinye firji, danshi ya ɓata katifa, duk ba sa ciki. Yaƙi da ta'addanci an cire su daga takardar gida da aka saba. Wanda ya fi shafarmu kullum shi ne wutar lantarki: a ɗauke ta, a dawo da ita da ƙarfi, talabijin ya yi ƙara ya mutu. Takardu da yawa ba sa biyan na'urar da lantarki ya ƙona cikinta, sai dai abin da gobarar ta ci bayan ta kama. Ka tambaya ko ana iya ƙara wannan, in ana iyawa a rubuta. Matambayi ba ya ɓata, kuma wakilin da ya gaji da tambayoyinka tun kafin ka biya, ranar nema ba za ka ji daɗinsa ba.

Wane kamfani za a je? Wanda ke da lasisi, wannan ba abin sasantawa ba ne. NAICOM, wadda aka kafa a 1997, tana wallafa sunayen kamfanoni da dillalan da ta amince da su, ana iya dubawa ta intanet. A watan Agusta na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin da ke inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15, don haka yana da kyau a sake duba matsayin kamfani a duk sabuntawa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi suna ƙarƙashin dokar CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, Gana kuma tana da tata hukumar. Bayan lasisi, a nemi labari wurin waɗanda asara ta taɓa samu: an biya su? An wahalar da su? Kowane kamfani ya iya karɓar kuɗi da fara'a, wurin biya ake gane na kirki. Ka karɓi farashi daga wuri biyu ko uku, ka jera takardun ka gwada abin da kowacce ta ƙunsa, ba kuɗin kaɗai ba. Araha ba ta ado.

Wurin biya kuma a kula. A tura kuɗi asusun kamfani ko na dillali mai rajista, ba asusun wani mutum ba ko da ɗan unguwa ne. A karɓi rasit da cikakkiyar takardar yarjejeniya. Doka a Najeriya ta ce sai an biya kuɗi kariya take farawa, babu zancen "zan kawo ƙarshen wata". Yarjejeniyar kuma ta shekara ɗaya ce. A rubuta ranar ƙarewarta inda ido zai gani, don gobarar da ta tashi kwana ɗaya bayan wa'adi ba ruwan kamfani da ita.

Idan abin da ake gudu ya auku, rai ne farko. A fitar da yara da tsofaffi, kada wanda ya koma cikin hayaƙi saboda akwati. A kira 'yan kwana-kwana, daga baya a karɓi rahotonsu a rubuce. In sata ce, a kai ƙara wurin 'yan sanda a karɓi shaidar rahoto. A sanar da kamfani nan take, ta waya da kuma a rubuce, don akwai wa'adin sanarwa. Al'adarmu ce da gari ya waye matasan unguwa su zo da shebur da baro su kwashe toka don a rage wa masu gida baƙin ciki. A gode musu, a roƙe su su dakata. Kamfani zai turo mai ƙiyasta asara, shi kuwa da abin da ya gani yake aiki. Ƙarfen gadon da ya lanƙwashe, gawayin kujera, kwangirin firji da ya yi baƙi, kwaɗon da aka karya, su ne shaidunka. A ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, a ciro lissafin nan da aka aika wa ɗan'uwa, a miƙa masa. Kada a ƙara ko allura a kan abin da ya salwanta. Ƙarya ɗaya tana iya rushe neman duka, ban da alhakin sauran mahalarta da mutum zai ɗauka.

Idan aka kawo tayin biya, a karanta kafin a sa hannu, don sa hannun yana nufin an yarda an gama. In ba ka gamsu ba, nemi a nuna maka yadda aka yi lissafi. In kamfani ya yi ta jan ƙafa ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar koke, a kai mata da kwafin takardu. Ba roƙo ka je yi ba, haƙƙinka ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na san wani zai ce, "Baba, abin da za a ci ma da ƙyar, ina kuɗin inshora?" Gaskiyarka, ɗana, ban ce ka hana iyali abinci ka kai wa kamfani ba. Amma ka je ka ji farashi tukuna, don da yawa suna gudun abin da ba su taɓa tambayar kuɗinsa ba. Akwai ƙananan tsare-tsare da aka yi don masu ƙaramin ƙarfi. In duka ba za su samu ba, fara da masifar da in ta zo ba za ka iya tashi ba, wato gobara, da ambaliya ga wanda ke bakin ruwa. In ka auna ka ga a bana ba hali, to ka bari da saninka, ka ajiye lissafin kayanka, ka ɗan riƙa ware wani abu gefe.

Da takarda ko babu, kada a yi sakaci. Hunturu lokacin gobara ne. Kaskon garwashi a ɗaki, hita da aka manta cikin bokiti aka ɗauke wuta aka fita, maganin sauro mai hayaƙi kusa da katifa, soket ɗaya da aka ɗora wa na'urori biyar, zuba wa janareta mai yana aiki, su ne ke tayar da ita. Kamfani na iya mayar da kujera, ba ya mayar da rai. Kuma kada wanda ya sa kayansa a inshora ya ga ya wadatu da mutane. Idan maƙwabci ya yi gobara a je jaje, a kai abin da ya samu, kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi.

Ku zauna da iyalanku a cikin makon nan ku yi lissafin, ku nemi takardun ku karanta, abin da ya shige muku duhu na addini ku kai wa malaminku, na sharuɗɗa ku kai wa wanda ya san aikin. Allah ya tsare mu da gobara da ambaliya da sharrin ɓarayi, ya sa albarka a cikin abin da kuka tara.